Shanu Ashirin da Huɗu a Kan Takarda

Talata, 3 ga Afrilu 1973, bayan la'asar

Kwanana uku a Filinge. An ba mu hutun mako biyu a kwaleji, na zo daga Yamai da wannan littafi don bitar lissafi, ga shi zan yi wani abu dabam da shi.

Baba ya yanke shawarar kai shanunsa Najeriya ya sayar. A kasuwarmu bana sa guda bai kai buhun gero ba, kowa sayarwa yake, babu mai saye. Baba Manzo, abokinsa tun suna yara, wanda ya shekara ashirin yana kora shanu Sakkwato, ya ce can har yanzu akwai masu saye, akwai kuma hatsi. Rumbunmu Inna ce kaɗai ke leƙa shi yanzu, in ta sauko ba ta cewa komai.

Amma ba a ƙetare iyaka da dabba sai da takardu, a gidanmu kuwa ni kaɗai na shiga lakwal, wato makarantar boko. Shi ya sa Baba ya kira ni zaure. Ban saba zama da manya ba, na tsuguna a bakin ƙofa.

"Madamazel Bintu, matso," in ji Baba Manzo. "Ni ban iya karatu ba, amma takardun ga na san su kamar ɗiyana."

Da launi ya san su. Ya zaro tsofaffi daga jakar fata ya shimfiɗa a tabarma. Farar ta likitan dabbobi ce, tana shaida an duba su an yi musu allura. Shuɗiyar ta asali ce, tana faɗin na wane ne, daga ina suka fito. Akwai izinin fitarwa, shi sai an rubuta roƙo an aika Yamai an jira amsa. Ta ƙarshe a bakin iyaka ake cika ta, gaban 'yan duwan, wato 'yan kwastan. Roƙon kuma ba ya tafiya sai da lambar fatanti, wato takardar ɗan kasuwa. Baba manomi ne, ba shi da ita, Baba Manzo zai ara masa tasa.

"Abu guda za ki riƙe," in ji shi. "Takardu shaidu na gaban alƙali. In guda tac ce fari, guda tac ce baƙi, kin faɗi shari'a."

Na rubuta wannan na ja layi a ƙarƙashinsa.

Laraba, 4 ga Afrilu, da hantsi

Roƙon yana son adadi. Na tambayi Baba shanun nawa ne, ya dube ni kamar na zagi wani.

"Ba a ƙirga dabba, Bintu. Abin da anka ƙirga raguwa shikai."

"Baba, takardar ce ke tambaya."

"To takardar ta tahi ta ƙirga."

Na gane ya ba ni izini ke nan. Na bi shi garke bayan gari, na tsaya nesa ina ƙirgawa a zuci yana zuba musu 'ya'yan gawo. Ashirin da biyar ne, har da Goshi, saniyar Inna mai farin tabo a fuska. Ita ba za ta tafi ba. Sauran shanun mata tun bara Baba ya haɗa su da makiyayin da ya yi kudu, har yau babu labarinsa.

Na tambaye shi me zan rubuta a wurin irin kaya. Ya ce, "Shanu mana. Raƙuma kika gani?"

Na rubuta roƙon da Faransanci sau uku kafin ya yi kyau, da rula, babu gogewa ko ɗaya. Saniya dai vache ce, tun aji ɗaya na san wannan, shanu kuwa jam'inta ne, sai na ƙara mata s. Vingt-quatre vaches. Na ajiye kwafi guda a tsakiyar littafin nan. Da malamarmu ta Faransanci ta gani da ta ba ni sha takwas cikin ashirin.

Alhamis, 5 ga Afrilu, da azahar

Mun je biro, wato ofis, mun manna tambur, kan sarki ke nan, aka ce saura kashe. Baba ya ce, "Kashe kuma? Fari na kashewa, biro ma sai ta kashe?" Baba Manzo ya yi dariya har da tari, ya ce hatimi ake nufi, Magagi, hatimi, kai dai baƙauye na. Magagi sunan Baba ne. An buga. Roƙon ya bi motar wasiƙu.

Inna ba ta ci tuwo da mu ba. Ta ce ramuwar azumi take.

Asabar, 7 ga Afrilu, da safe

Ashirin da uku. Baba ya dawo da fatar wanda ya mutu a kafaɗa.

Litinin, 9 ga Afrilu, bayan azahar

Yau Mushe Isufu (haka muke faɗin monsieur, wato malam) na biron likitan dabbobi ya zo garke. Siririn mutum ne mai tabarau, ba ya gaggawa. Ya buɗe bakin kowane, ya duba ido da kofato, ya yi allura, ya tsaga kunne alamar an yi. Da ya ji ina kwaleji sai ya ba ni allon rubutunsa in riƙe, yana faɗi da Faransanci ina rubutawa. Taureaux, bajimai, tara. Bœufs, takarkarai da sauran waɗanda aka dandaƙe, sha huɗu.

Da ya iso kan Goshi ya ce, "Wannan ba ta cikin masu tafiya, ko?"

Baba ya ce ta gida ce.

"Madalla. Bana an hana fitar da mata, ko ɗaya. In fari ya wuce da su za a tada garke. Duk roƙon da aka ga mace a ciki, ko karantawa ba sa ƙarasawa."

Ya ce takardarsa kwana ashirin take aiki, bayan nan sai an sake. Ya ce wani abu kuma game da mashayar da ke kan hanya, ban ji ba.

Na dawo gida na buɗe tsakiyar littafin nan. Na rufe.

Taureau da bœuf na san su. Suna shafi ɗaya da vache, har da hotuna.

Talata, 10 ga Afrilu, da hantsi

Ƙila ba za su lura ba. Roƙo nawa ke zuwa musu a rana?

Laraba, 11 ga Afrilu, bayan la'asar

Ashirin da biyu.

Yanzu da safe wasu ba sa iya tashi da kansu. Sai a zura sanda ƙarƙashin ciki, mutum biyu su ɗaga, wani ya ja wutsiya. In sun tsaya kuma sai su yi ta tafiya kamar ba komai. Goshi ma yau sai da aka ɗaga ta. Baba ya kware bunun rumfar bayan gida ya kai musu.

Inna ta jiƙa anza, 'ya'yan dajin nan da ake ci lokacin yunwa, a tukunya uku. Sai an yi kwanaki ana sake mata ruwa kafin ɗacin ya fita. Ta ce tun tana yarinya take son ta, marmari ne kawai. Yau ma azumi take.

Na yi bitar lissafi shafi biyu, ban san abin da na karanta ba.

Juma'a, 13 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

Motar wasiƙu ta zo. Roƙona ne ya dawo, da jan rubutu a gicciye, kalma biyu. An kuma zagaye wata kalma tawa da ja.

Baba da Baba Manzo suna zaure. Baba ya miƙo mini ya ce in karanta.

Na ce, "An ƙi."

"Don mi?"

Na ce ba su yi dogon bayani ba. Wannan ba ƙarya ba ce.

Baba ya karɓi takardar yana juya ta. Ya ga lambar fatanti a sama, ita kaɗai ya gane, don ya ga lokacin da na kwafe ta. Ya ce wa Baba Manzo, "Fatantin nan taka, yaushe rabonka da sabunta ta?"

"Bana na sabunta."

"Kai da ko karatu ba ka iya ba, ina kas san abin da anka ba ka?"

Baba Manzo ya jawo jakarsa ta fata. Sannan ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya, fara, shuɗiya, ya mayar a jaka. Ya ce, "Shekara ashirin ban san abin da anka ba ni ba, Magagi. Allah shi ba ka wanda ya sani." Ya sa takalmi ya fita.

Ina nan tsugune a bakin ƙofa. Sai da ya raɓa ni ya wuce.

Asabar, 14 ga Afrilu, da safe

Ashirin da ɗaya. Baba Manzo bai zo ba.

Lahadi, 15 ga Afrilu, da azahar

Baba ya ce zai bi daji da su, ba takarda. Wasu sun yi sun wuce. Inna ta ce wasu kuma an kama su an ƙwace duka, har mutum ya kwana a tsare. Hanyar daji kuma babu rijiya. Ya ce to ya zauna yana kwasar fatu? Ta ce ita dai ba ta ce ba. Ya ce jibi zai tashi.

Inna ta aike ni kasuwa sayen kanwa. Na haɗu da Mushe Isufu wajen masu igiya. Na gaishe shi zan wuce, ya ce babana ya kawo masa takardar jiya da yamma yana faɗa, bai ko tsaya ya ji amsa ba. Ya cire tabarau yana gogewa.

"Kin karanta masa duka?"

Na dubi ƙasa.

"Ni ba zan faɗa masa ba," in ji shi. "Ba rubutuna ba ne. Amma takardata saura kwana sha huɗu, shanun kuma ba su da sha huɗu."

Gobe ake komawa kwaleji. Akwatina na nan ƙarƙashin gado, ban jawo shi ba, ba wanda ya tambaye ni.

Litinin, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Sha tara. Biyu a dare ɗaya.

Na same shi a garke da hantsi yana saran reshen gawo. Na tsaya a bayansa har ya juyo. Na fito da takardar da kwafina, na ce, "Baba, jan rubutun kalma biyu ne, guda na karanta maka. Ta biyun cewa take mata."

"Waɗanne mata?"

Na yi masa bayani. Na ce su Faransawa ba su da kalma ɗaya kamar tamu da ke ɗaukar sa da saniya tare a bakin kowa. Akwai ta biro, ban yi amfani da ita ba. Na ɗauki ta mace na rubuta. A Yamai sun karanta cewa Magagi na Filinge yana son fitar da saniya ashirin da huɗu. Na ce fatantin Baba Manzo ba ta da laifi. Na ce tun ranar Litinin waccan na sani.

Ya ajiye gatarin. Ya dubi garken, ya daɗe. Na san abin da yake dubawa, wuraren da babu kowa ne. Na so ya buge ni, da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Mi kalmar take?"

Na faɗa masa, vache.

"Wash?"

Na ce ba haka daidai ba, amma kusa.

"Wash," ya sake cewa, kamar mai ciwon baya. "Kalmar da kanta ciwo ta." Ya ɗauki gatarin. "Shanu nic ce maki, shanu kika rubuta. Wannan namu na, ni da ke. Amma kwana bakwai da kika yi shiru, da Manzo da kika bari ya fita, wannan naki na ke ɗai."

Na ce na sani.

"To ɗauki reshen can ki kai ma jan nan, bai ci komi ba."

Talata, 17 ga Afrilu, da azahar

Baba bai bi daji ba. Da sassafe ya ce in sa mayafi, muka tafi gidan Baba Manzo. Ya sa ni na faɗa da bakina, a tsaye, a gaban matarsa. Muryata ba ta fita sosai, sai da aka ce in sake.

Baba Manzo ya saurara yana tauna goro. Ya ce, "To. Wanda bai iya karatu ba takardarshi daidai, wadda ta iya ta maida bajimai mata. Magagi, ka gode Allah ba kai tar rubuta ba, da yanzu kana ɗaura zane."

Baba ya ce ya ji, ya kuma ci laifinsa. Baba Manzo ya ce bai gama ba, zai ƙarasa a hanya, akwai tafiyar kwana goma sha biyu.

Daga nan muka wuce garke mu uku. Baba har yanzu bai ƙirga ba, kira ya yi. Ya dafa kowane ya faɗi abin da yake: wannan bajimi na, wannan takarkari, wannan an dandaƙe shi tun yana maraƙi, wannan ɗan Goshi na na fari. Ni ina saka kowane a layinsa. Bajimai bakwai, sauran sha biyu. Shekaruna goma sha biyar ina cewa shanu, ban taɓa tsayawa na dube su haka ba.

Mushe Isufu ya koya mini yadda ake yi. Ba daga ka ake rubuta roƙo ba, daga takardar likita ake kwafe shi, kalma da kalma, a kuma liƙa kwafinta a baya. A saman layin a sa bovins mâles, wato shanu maza, sannan a rarrabe su a ƙasa. Ya ƙara 'yar takarda da hannunsa cewa ya gan su da idonsa babu mace, ya buga kashe. Da an yi haka tun farko da ba a aika roƙon kafin ya duba su ba. Baba Manzo ya ce da can ba a tambayar mace ko namiji, shi ya sa bai sani ba.

Rubutuna bai yi kyau kamar na farko ba. Baba Manzo ya ce ba za a jira motar wasiƙu ba, shi zai kai da kansa. Ya hau motar masu fatu da azahar.

Alhamis, 19 ga Afrilu, da safe

Sha takwas.

Juma'a, 20 ga Afrilu, da hantsi

Sha takwas. Na tambayi Inna kwana nawa ake bin ta na azumi. Ta ce in kula da abin da ke gabana.

Asabar, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Sha bakwai.

Baba Manzo ya dawo, ƙafafunsa a kumbure. Kwana uku ya yi a kan benci a bakin biro, ya ce har masinja ya fara gaishe shi da sunansa. Izinin na hannunsa. Na karanta shi duka da ƙarfi, daga sama har sa hannu, har kwanan wata, ba wanda ya ce in tsaya.

Na ce izinin sha tara ya ce, mu kuwa sha bakwai gare mu, shaidu za su saɓa. Baba Manzo ya ce a'a, wannan kam 'yan duwan sun san shi. Kasawa ba laifi ba ce, ƙari ne laifi. Bana kowa da kasawa yake isa.

Litinin, 23 ga Afrilu, da hantsi

Sun tafi.

Jiya Mushe Isufu ya sake takardar lafiya, don tsohuwar za ta ƙare suna hanya. An karɓo ta asali. Na shimfiɗa ukun a tabarma na bi su da yatsa, suna, gari, iri, alamar kunne. Sau huɗu na bi. Na rubuta wa Baba abin da za a cika a ta huɗu a wata 'yar takarda dabam, ya miƙa wa ɗan duwan kawai. Ya naɗe su duka a tsumma ya sa a aljihun ciki, inda yake sa laya.

Ta Dogon Dutsi za su bi. Biyu sai da aka ɗaga su kafin a tashi. Goshi ta so ta bi garken, Baba ya kamo igiyarta ya dawo da ita ya sa mini a hannu.

"Ga wash ɗinki," in ji shi. "Ita ɗai ta a gidan ga. Kada ki rubuta ta ko'ina."

Baba Manzo ya ce, "Madamazel, in mun dawo ki koya man karatu, ni in koya maki shanu."

Na tsaya har suka shige bayan tudu.

Laraba, 2 ga Mayu, da azahar

Babu labari. Na rubuta wa shugabar kwaleji wasiƙa cewa zan makara, ban faɗi dalili ba, na ce aikin gida ne. Kullum da safe ni da Inna da matar Baba Manzo muke ɗaga Goshi. Inna ce ke jan wutsiya, ta ce sandar ta yi mata nauyi.

Alhamis, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Wani direba ya tsaya a ƙofar gida ya sauke buhu biyu na gero. Ya ce Magagi ya aiko, sauran na tafe tare da shi, shi da abokinsa suna lafiya, sai dai faɗa suke tun daga Dogon Dutsi. Ya miƙo mini takarda a ninke, ya ce an ce a hannun ɗiyar lakwal za a sa.

Ta huɗun ce, ta bakin iyaka, da kashe biyu. Bovins mâles, sha huɗu. Direban ya ce Baba ya ce a faɗa mini ɗan duwan ya jera takardun a tebur ya duba, bai tambayi komai ba.

Sha huɗu daga ashirin da huɗu. Na san waɗanda da sun kai in da an tashi tun sha uku ga wata. Ban san ko duka ba, amma na san wasu, yanzu na san su da kamanninsu.

Inna ta kwance bakin buhu ta zura hannu har gwiwa, ta bar shi a ciki. Sannan ta ce in ɗauko turmi. Ta ce ramuwarta ta cika jiya.

Juma'a, 11 ga Mayu, da safe

Na kai wa Goshi dusar jiya. Na je da sanda, ban yi amfani da ita ba.

Ɗaya. Ta tashi da kanta.